Hakkin Mai Kururuwa

Tun zamanin kakanni akwai wata doka a ƙasar Hausa wadda ba a rubuta ta cikin takarda ba, ba kuwa wani alƙali da ya taɓa karanta ta a zauren shari'a, amma yaro da babba kowa ya san ta. Dokar ita ce, in ka ji kururuwa ka fita. Ko tuwo ka ke ci sai ka tsame hannu, ko barci ka ke yi sai ka tashi ka ɗauki abin da hannunka ya kai gare shi, tulu ko sanda ko igiya, ka nufi inda muryar ta fito. Ba a tsayawa tambaya ko gidan masoyi ne ko na abokin gāba. Wanda ya ji ihu ya gyara kwanciya, in gari ya waye ba ya iya haɗa ido da mutane a dandali.

In mun lura da kyau, za mu ga wannan doka tana tsaye ne bisa ƙafa biyu. Ta fari, mai kuka ya sami hanyar da za a ji shi. Ta biyu, wanda ya ji ya amsa. Saboda ƙafa ta fari ne mutanen dā suka yi dabaru iri iri. In gobara ta tashi a buga ganga, in mahara sun taso a kaɗa tambari ko a busa ƙaho, in kuwa abin ya fi ƙarfin gari, dagaci ya ɗora manzo bisa doki ya kai wa hakimi labari, hakimi ya kai wa sarki.

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya cikin shekarar 2001, kururuwar mutum ta ƙara nisa ƙwarai. Manomi yana zaune gindin bishiya a Zugu ko a Anka, sai ya yi magana da ɗansa da ke ci rani a Ikko kamar suna bisa tabarma ɗaya. Amma ga abin takaici: ranar da aka fi bukatar wayar, watau ranar ambaliya ko guguwa, ran nan ne ta fi saurin mutuwa. Don haka masana a waɗansu ƙasashe suka samo wata dabara, su ɗora na'urar waya a kan jirgin sama maras matuƙi, ya tashi ya yi ta shawagi bisa garin da masifa ta auka wa, mutane su sami hanyar magana har a gyara abin da ya lalace. Tambayar da za mu duba a nan ita ce, mayar wa mutanen da ke cikin masifa muryarsu, shin alheri ne da hukuma za ta yi in ta ga dama, ko kuwa hakkinsu ne da ke wuyanta? In kuma hakki ne, mu talakawa mene ne namu rabon a cikin nauyin?

Yadda waya ta ke mutuwa

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san yadda abin ya ke aiki. Wayar da ke aljihunka ƙaramar rediyo ce, mai ji kuma mai magana. Ba ta iya jefa murya nesa, iyakarta ta kai ga dogon turken nan na ƙarfe da ke bayan gari, wanda mutane ke kira ƙarfen sabis. Shi turken yana bukatar abu biyu. Yana bukatar wuta, wadda a ƙauyukanmu yawanci daga inji mai shan man gas ta ke fitowa, ko daga batir da hasken rana. Yana kuma bukatar hanyar da zai miƙa maganarka gaba, ko ta igiyar da aka binne a gefen titi, ko ta faifan da ke kallon wani turken a nesa.

To, ruwa in ya zo ba ya zaɓe. Ya shiga ɗakin inji ya kashe shi. In ya bar injin, ya cinye gada, motar da ke kawo mai ta kasa isowa, bayan 'yan kwanaki tanki ya bushe. In gadar ta tafi, sau da yawa da igiyar da aka bi da ita ta jikinta ta ke tafiya. Turke ɗaya in ya mutu yakan ja waɗanda ke bayansa, domin ta kansa maganarsu ke bi. An ga wannan a fili a tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin mulkin Amurka. Ran 20 ga Satumba 2017 wata guguwa da aka sa wa suna Maria ta faɗa masa, da ta wuce aka ƙirga aka ga cikin ko wane turke 100 kimanin 95 sun daina aiki. Mutane suka yi makonni ba su san ko danginsu na can cikin duwatsu suna da rai ba.

Jirgin da ke ɗauke da turke

Muryar rediyo irin ta waya tana tafiya ne kusan yadda gani ke tafiya. Wanda ya hau rimi ya fi na ƙasa hangen nesa, wanda ya hau dutse kuma ya fi na kan rimi. Shi ya sa a ke yin turke dogo. Jirgi maras matuƙi kuwa yana iya hawa inda ba turken da zai kai, ba ya kuma bukatar gada ko titi.

Iri biyu ne aka gwada. Akwai ƙarami, mai fukafukai masu juyawa, wanda a ke ɗaure shi da igiya a jikin mota, kamar yadda yara ke ɗaure fara da zare. Ta cikin igiyar wuta ke hawa, ta cikinta kuma magana ke sauka. Irinsa kamfanin waya na AT&T ya tayar a Puerto Rico cikin Nuwamba 2017, ya tsaya a sama kimanin ƙafa 200, mutanen kewaye suka sami waya.

Akwai kuma babba, mai fukafukai miƙaƙƙu, wanda ke tashi daga filin jirgi ya yi tafiya mai nisa, yana miƙa magana ta hanyar tauraron ɗan Adam. Cikin watan Yuli 2021 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a lardin Henan na ƙasar Sin, wani gari da a ke kira Mihe ya yanke daga duniya. Ran 21 ga watan aka tashi wani jirgi maras matuƙi mai suna Wing Loong daga wani lardi na kudu, ya yi tafiyar kimanin mil 750, ya iso bisa garin da yamma. Sai mutane suka ga wayoyinsu da suka mutu sun farfaɗo, ga kuma rubutaccen saƙo yana gaya musu cewa jirgin ba zai iya daɗewa fiye da sa'a 5 ba, su yi hanzari su faɗi halin da su ke ciki, su nemi danginsu. Mai karatu, riƙe wannan maganar ta sa'a 5, za mu komo gare ta.

Kada wani ya ce wannan tatsuniyar ƙasashen nesa ce. Tun 2016 jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline su ke kai jini asibitocin ƙauye a ƙasar Ruwanda, cikin 2022 kuma suka fara kai magunguna da alluran rigakafi a Jihar Kaduna, suna tashi daga Pambeguwa. Abin da ya iso Zazzau bai yi wa Zamfara nisa ba.

Abin da idonmu ya gani

Mu mutanen yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Zugu da Bukkuyum har Gummi, mun san ruwa, mun kuma san shiru. Gulbin Zamfara da ke ba mu fadama da kifi, shi ne kuma ya kan tumbatsa in damina ta yi nauyi. Cikin Agusta 2024 ruwa ya shiga Gummi, ya taɓa gidaje fiye da 10,000, har Gwamna Dauda Lawal ya je jaje. Ba a gama share hawaye ba, cikin Satumba, sai kwalekwale ya kife da manoma masu zuwa gona a nan ƙasar Gummi, rayuka da yawa suka salwanta. Cikin watan nan ne kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Wanda ya ga waɗannan ya san tsakanin ceto da jana'iza wani lokaci bai wuce tsawon shan fura ba.

Shirun kuwa mun ɗanɗana shi cikin 2021. Ran 3 ga Satumba na shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su rufe turakunsu duka a Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a yaƙi 'yan bindiga. Da fari mako 2 aka ce. Gusau ba ta sami waya ba sai farkon Oktoba, sauran ƙasa kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin buɗewa. Waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma an rufe nasu. Ran nan mutane suka san abin da wayar ke ɗauke musu. Mai son gaya wa ɗan'uwansa rasuwa sai ya biya kuɗin mota. Mai jiran aike daga ɗansa na birni ya zauna hannu rabbana. Fatake suka yi ta saye da sayarwa ba su san farashin gaba ba. Wannan shiru mutum ne ya kawo shi da dalilinsa, ba ruwa ba, amma ɗacinsa a bakin talaka iri ɗaya ne. Abin lura kuma, cikin shekara guda, tsakanin wata biyu kacal, wata ƙasa ta tashi jirgi mil 750 don ta ba gari ɗaya maganar sa'a 5, mu kuwa jiha sukutum ta yi makonni ba magana.

Don me muka ce hakki ne

Wani zai ce, mai yunwa ba ya cin magana. Wanda ruwa ya rushe wa ɗaki, hatsi ya ke so da bargo da magani, kuɗin da za a kashe wa jirgi gara a sayo masa gero. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa mai hankalin da zai ce waya ta fi abinci. Amma a tambaya, geron nan wa zai samu? Kayan agaji inda aka san da mutane nan su ke zuwa. In ba labari, motar agaji a bakin kwalta za ta tsaya, a raba wa waɗanda ido ya gani, mutanen tunga da ruwa ya kewaye su kwana bisa tudu ba wanda ya san da su. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. In an ba shi baki zai faɗi ko kwalekwale ya ke bukata, ko ungozoma, ko maganin sarar maciji, a huta da kai masa abin da bai nema ba.

Ban da wannan, kowa ya sani agajin fari ba daga hukuma ya ke zuwa ba, daga dangi ne. Kafin ma'aikaci ya rubuta takarda a sa mata hannu, ɗan da ke Kano ya riga ya aiko da kuɗi, ƙanen da ke Jega ya riga ya hau babur. An ce zumunta a ƙafa ta ke, amma ƙafa ba ta tashi sai kunne ya ji. Wanda ya mayar wa gari waya, ya kwance hannuwan dubban masu taimako waɗanda ba gwamnati ke biyansu ba.

Akwai kuma wata wahala wadda ba a auna ta da mudu, watau wahalar rashin sani. Uwar da ba ta san ko 'yarta da ke aure a ƙetaren gulbi tana raye ba, ko an cika mata ɗaki da shinkafa ba za ta iya haɗiya ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da aka bar shi ba ya iya kira ba a kuma iya kiransa, an mai da shi kamar dabbar da ke cikin turke, sai abin da aka ga dama aka jefa mata. Da bakinsa ne ɗan Adam ya ke shiga cikin sha'anin kansa. Don haka muka ce hanyar kuka hakki ce, tana layi ɗaya da ruwan sha da wurin kwana. Tun da kuwa talaka ba shi da ikon kafa turke ko tashin jirgi, nauyin yana kan waɗanda ke karɓar harajinsa da waɗanda ke karɓar kuɗin katinsa.

Maganar mugu

Ga wani musu da ya fi na fari wuya. Za a ce, ai waya ba ta san mai kirki ba. Da ita ɗan bindiga ke neman kuɗin fansa, da ita munafukin cikin gari ke gaya masa inda soja suka nufa. In ka tashi jirgi ka ba gari waya, ka ba daji ma. Wannan gaskiya ne, kuma saboda shi ne aka yi rufewar 2021. Waɗanda suka yanke shawarar ba don ƙin talaka suka yi ba.

Amma a sa abin bisa ma'auni. Mugu yana da babur, yana da kuɗi, yana da yaran aike, in an toshe masa hanya ɗaya ba ya rasa wata. Talakan ƙauye kuwa wayar nan ita ce tambarinsa, da ita ya ke gaya wa maƙwabta su gudu, da ita ya ke kiran soja. In an kashe ta, shi ne ya fi asara. Rufewar kuma ba ta tumɓuke masifar ba, gama cikin Janairu 2022 aka kai hari ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutanen wurin suka ce an kashe kimanin 200, hukuma ta ce 58. Mai mulki yana iya ganin tilas ta sa ya rufe waya na ɗan lokaci, ba mu ce ba shi da iko ba. Sai dai ya sani, duk wanda ya ɗauke wa mutum hanyar kururuwa, ya ɗauki alkawarin tsaya masa gadi har ya mayar masa da ita. A ranar ambaliya kuwa wannan musu ba shi da wurin zama. Ba a hana mutanen gari rijiya don ɓarawo ma yana sha.

Maganar tsoro

Saura mu faɗi abin da ke zuciyar mutane da yawa. A ƙasarmu, ƙarar abu a sama ba bushara ba ce. Ran 3 ga Disamba 2023 wani jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam bisa kuskure a kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙasar Igabi ta Jihar Kaduna, Hukumar Agajin Gaggawa ta ce an binne mutum 85. Shi kansa Wing Loong da ya kai wa mutanen Mihe waya, asalin danginsa jiragen yaƙi ne, har sojan saman Nijeriya sun sayi irinsu cikin 2020. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga shi kuma jirgin yana iya ɗaukar na'urar hoto, ya leƙa tsakar gida inda baƙo ba ya shiga sai da sallama.

Wannan tsoro ba jahilci ba ne, kada kowa ya raina shi. Ƙarfe ɗaya maƙeri ke ƙera lauje da shi ya ƙera mashi, bambancin yana ga hannun da ya riƙe. Saboda haka jirgin agaji ba zai yi amfani ba sai an gina masa amana tun kafin ranar. Ya kasance a hannun hukumar agaji, da kamanninsa daban da kowa zai shaida. A sanar da jama'a ta bakin sarakuna da hakimai da dagatai da gidan rediyo, a nuna musu shi da rani a filin kasuwa su gan shi da idonsu. A kuma yi alkawari a fili cewa abin da ya ji ko ya gani a ranar masifa ba za a juya shi ya zama makami a kan masu kuka ba. Dokar Nijeriya ta ce ba a tashin irin waɗannan jirage sai da izinin hukumar kula da jiragen sama da ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. To, a nemi izinin tun ruwa bai sauko ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma mu ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa. Iska mai ƙarfi tana hana shi tashi, mutane kaɗan ya ke iya ɗauka a lokaci guda, in mai ya ƙare tilas ya sauka. Ɗaga injin turke bisa dakali mai tsawo, da sa masa faifan hasken rana, da ajiye turken da a ke ja da mota, duk sun fi arha, su ya kamata a fara yi. Jirgi na wurin da mota ba ta kai ba ne. Sa'an nan kada a jingina da baƙo kaɗai. Wani kamfani mai suna Loon, ɗan'uwan Google, ya yi ta tashin manyan balan-balan masu ba da waya, ya taimaki Peru da Puerto Rico cikin 2017, ya fara aiki a Kenya cikin 2020, amma cikin Janairu 2021 aka rufe shi don ba riba. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ya ke hakki ne, ba a barinsa a hannun wanda zai tafi ranar da ciniki ya faɗi.

Ji ba amsa

Yanzu mu komo ga ƙafa ta biyu, wadda ta fi ta fari nauyi. A ce an tashi jirgi, waya ta farfaɗo, mutum ya kira. In ba wanda ya ɗauka fa? In an ɗauka aka ce masa ya yi haƙuri, aka ajiye?

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Cikin 2010 yara suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da Yargalma da waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum. Da likitocin ƙungiyar MSF suka bincika, sai aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar da yara ke wasa a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Labarin ya kai ko ina a duniya, jaridu suka buga, rediyo ya faɗa. Duk da haka garin Bagega ya zauna cikin gubar yana jira, domin ba a yi wa yaro magani ya koma cikin ƙasa mai guba, sai an kwashe ta tukuna, kuɗin kwashewar kuwa ba a sake su ba sai farkon 2013. Kukan Bagega ya isa kunnen kowa, amsa ce ta yi kusan shekara 3 a hanya.

Wannan ya nuna mana iyakar na'ura. Tana iya ɗaukar kuka ta kai shi Gusau ko Abuja cikin ƙiftawar ido, amma ba ta iya tuƙa kwalekwale, ba ta iya sa ma'aji ya buɗe akwati. Har ma ana iya cewa ta ƙara wa masu iko nauyi, gama dā suna iya cewa ba mu ji ba, yanzu wannan hanzari ya ƙare. Hukumar da ta sayi jirgi ba ta tanadi mai ɗaukar kira dare da rana ba, ba ta ajiye kwalekwale da rigunan ruwa a Gummi ba, ta yi ado ne kawai. Taimakon da ya zo bayan an binne mutane, shi Hausawa ke kira ihu bayan hari.

Namu rabon

To, ɗan'uwa, kada mu tattara nauyin duka mu aza wa hukuma mu koma gefe. Ka tuna da sa'a 5 ta mutanen Mihe. Hanyar da jirgi ke buɗewa ƙunci gare ta, kamar rijiya ce mai guga ɗaya a shekarar fari. In mutum ɗaya ya riƙe gugan yana wanke babur, na bayansa ƙishirwa za ta kashe. Wanda ya sami waya a ranar masifa ya tsaya doguwar gaisuwa, ko ya yi ta aika hotuna masu motsi don a ce shi ya fara, wataƙila ya tare hanyar wanda matarsa ke kan gwiwa. Wanda kuma ya ƙara gishiri, ya ce mutum 50 ruwa ya ci alhali bai ƙirga ba, ya karkatar da kwalekwale daga inda a ke bukatarsa. Ƙarya a ranar nan tana iya zama kisan kai.

A nan ne wanda ya iya karatu da rubutu ya ke da babban matsayi. Rubutaccen saƙo wuri kaɗan ya ke ci, sau da yawa yana ratsawa inda murya ta kasa, yana kuma zama a wayar wanda aka aika wa, ba ya mantuwa. Ka koyi rubuta shi gajere: sunan ƙauye, mutum nawa ne, wa ya ji ciwo, wace hanya ce ta yanke, me a ke bukata. Ka rubuta wa tsohuwar da ba ta iya ba, ka karanta wa maƙwabci amsar da ta zo masa. Tun damina ba ta kankama ba, ka rubuta lambobin dagaci da ma'aikacin asibiti da masu kwalekwale cikin takarda ka adana, da lambar neman agaji ta ƙasa, watau 112. Ka riƙa barin wayarka da wuta, ka naɗe ta cikin leda, gama jirgi ko ya zo ba ya magana da wayar da ta mutu. In unguwa ta haɗa kuɗi ta sayi ɗan faifan hasken rana aka ajiye a gidan mai unguwa, an yi abin kirki. In kuma masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su da ladabi, wane shiri aka yi domin ranar da gulbi zai cika turke ya mutu, wa zai ɗauki kiranmu, cikin sa'a nawa zai iso.

An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mutum a wannan hali ba shi da zaɓi, don haka ne abin da a ke miƙa masa ya zama amana a wuyan mai miƙawa. Kakanninmu da ganga da doki suka riƙe wannan amana gwargwadon ikonsu. Mu da aka ba mu waya a aljihu da jirgi a sama, abin da za a tambaye mu ya fi nasu yawa. Allah ya kiyashe mu da ambaliya da gobara da sharrin mahara, ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu ikon fita in mun ji ɗan'uwa ya yi kira. Amin.